Littattafan da Suka Yi Mini Magana a Daddara

Ina gaida na gida da na gona, da direbobin da ke kan hanyar Katsina zuwa Jibiya, da 'yan kasuwar Magama, da 'yan'uwanmu na Ɗan Isa da Madarunfa da Maraɗi.

Sharhinmu na yau a kan littattafai ne, na ƙage da na tarihi, da abin da suka bari a zuciyata bayan na rufe su. Ni mutumin Daddara ne, a nan ƙasar Jibiya, kuma a matsayin makaranci zan yi magana. Abin da na lura da shi shi ne, inda mutum yake zaune yana da hannu a cikin abin da littafi zai gaya masa. Mu da muke bakin iyaka, muka ga rufe boda, muka ga ta'asar 'yan bindiga, idan muka buɗe littafi da tambaya muke shiga: shin marubucin nan ya san ciwon mutum irina? Na kuma ga cewa littafin tarihi da na ƙage kowanne rabin amsa yake bayarwa. Tarihi yana gaya maka yadda aka yi abu ya faru, ƙagaggen labari kuma yana sa ka ji yadda abin ya yi wa wanda ya faɗa wa. Kamar idanu biyu suke: da ɗaya ma ana gani, amma sai da biyun ake gane nisan abu.

Bari in fara da inda yawancinmu muka fara, wato littattafan gasar 1933. A wannan shekara ce Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zaga yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Mu Katsinawa muna da rabo babba a wannan aiki. Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta nasa, yayansa Bello Kagara shi ne ya zama Walin Katsina daga baya, Tafawa Ɓalewa kuwa a Kwalejin Katsina ya yi karatu.

Ruwan Bagaja shi ne littafin da ya fara sa ni dariya ni kaɗai a ɗaki. Yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke ta haɗa wa juna tarko gari bayan gari, kowa na ramuwar gayya, har yau yana yi mini daɗi. Haka ma Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, inda aku ke ta ba Musa ɗan sarki labari don ya hana shi fita ya faɗa hannun maƙiya. Imam ya ɗebo wasu labaran daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, amma ya sa musu riga da hula har ba ka jin baƙuntarsu. Abin da na samu a wurin Imam shi ne ƙaunar harshena. Shi ya nuna mini cewa Hausar da ake ciniki da ita a kasuwar Jibiya ta isa ta ɗauki kowane irin labari na duniya. Amma littafin da ya girgiza ni a cikin biyar ɗin nan wani ne daban.

Masu saurare za su tuna shekarar 2021. A ƙarshen watan Agusta gwamnatin jiha ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure saboda matsalar tsaro, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da tamu. Wayoyi suka koma fitilu kawai. A cikin waɗannan darare na buɗe wata tsohuwar adaka na zaro Shaihu Umar, bangonsa ya rabu, gara ta taɓa gefen wasu shafuka. Bayan sallar isha'i sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in jingina fitilar sola a jikin turmi, in yi ta karantawa da ƙarfi. Yara suna kwance, gwaggona kuma tana gefe tana ɓarar gyaɗa a faifai. Ba ta yi boko ba, ban ma zaci tana bin labarin ba.

Labarin kun san shi. An sace Umar yana ƙaramin yaro, aka sayar da shi, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya tafi da shi ƙetaren hamada ya rene shi, har ya zama babban malami. Da na iso inda mahaifiyarsa ta bar gida ta shiga duniya nemansa, ita ma aka kama ta aka sayar, sai na ji ƙarar ɓarar gyaɗa ta tsaya. Gwaggo ta ce, "Tsaya, ɗan nan. Ita uwar ta san inda aka kai shi ne?" Na ce, "A'a, Gwaggo, labari kawai take bi." Ta yi shiru, ta share ido da gefen mayafi, sannan ta ce, "Haka ne. Uwa ba ta jiran a nuna mata hanya. Ci gaba." Ta san matan da aka ɗauke wa 'ya'ya a ƙauyukan yamma da mu, ta san waɗanda suka sayar da gona da akuya don haɗa kuɗin fansa. A wurinta littafin da aka buga a 1934 labarin makon jiya ne.

Akwai masu cewa Tafawa Ɓalewa ya yi wa cinikin bayi sassauci, tunda ya nuna Abdulkarim mutumin kirki ne, ya kuma sa Umar ya karɓi duk abin da ya same shi da haƙuri. Na fahimci wannan ƙorafi. Amma ni ina ganin hukuncin littafin yana jikin uwar. Ta sha wuya daga hannu zuwa hannu har Tarabulus, ta ga ɗanta bayan shekaru, ba ta daɗe ba ta rasu. Duk wanda ya bi matar nan har ƙarshe ba zai rufe littafin yana ganin sayar da ɗan Adam ƙaramin abu ne ba. Matashi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya rubuta wannan, tun kafin ya zama Firayim Minista, kuma tausayin da aka san shi da shi yana nan a kowane shafi.

Yanzu ga wasu littattafai biyu da nake so ku ajiye kusa da juna. Na farko Ganɗoki. Jarumi ne na Kwantagora, mutumin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, yana ba da labarin yadda suka gwabza da Turawa lokacin da suka zo cin ƙasar a farkon ƙarni na 20, daga baya ya wuce ƙasashen aljanu. Harshen littafin yana tafe da ƙarfi, cike da kirari da ƙarar makamai. Ina yaro, in na karanta sai in ji jinina yana tafasa, in ji ina alfahari da cewa kakanninmu ba su miƙa wuya a banza ba. Wannan alfahari yana nan har gobe.

Na biyun labarin gaskiya ne, na wata tsohuwa da ake kira Baba, mutuniyar Karo. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 tana rubuta abin da take faɗa, aka buga shi a 1954. Baba ta ba da labarin aure da haihuwa da goyo da zumunci da bori, duk daga cikin gida. Ta kuma ba da labarin mahara, kuma a cikin waɗanda ta ambata har da mutanen Mai Sudan, wato shi wannan sarki da Ganɗoki ke yi wa kirari. A bakinta, su ne masu faɗa wa ƙauye su kwashe mata da yara, a bar dangi da neman kuɗin wuri na fansa.

Jama'a, mutum ɗaya ne, zamani ɗaya ne. Wanda ke kan doki ya ga jarumi, wadda ke cikin rugar gona ta ga bala'i. Ban jefar da Ganɗoki ba saboda na karanta Baba, don tsayuwar da aka yi wa Turawa gaskiya ce. Amma tun daga lokacin, duk littafin da ya yi wa mai makami kirari sai in tambayi kaina: ina matar da ke ɓoye a cikin dawa lokacin da wannan jarumi ke wucewa? Mutumin Daddara na yau ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan wannan tambaya.

Daga nan sai littattafan da suka bayyana mini ƙasar da nake takawa. Babbansu shi ne na marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, kan sauye-sauyen da Katsina ta gani daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1981. Littafi ne mai nauyi, da Turanci, ba a karanta shi a guje. Abin da na riƙe daga ciki shi ne yadda ya ƙi yarda a mayar da tarihinmu faɗan ƙabila da ƙabila. Ya bi garuruwa da sana'o'i da ƙaura da tsarin sarauta, ya nuna cewa mutanen ƙasar Katsina sun daɗe suna cuɗanya, manomi da makiyayi da malami da fatake, kuma abin da ke haɗa su ko ya raba su ya fi ƙarfin sunan ƙabila. A wannan zamani da wasu ke so su ce mana masifar da muke ciki yaƙin Hausa da Fulani ce kawai, na sami natsuwa a wannan littafi. Ya koya mini in riƙa tambaya game da burtali da gona da shari'a da talauci da makami, maimakon in tsaya ga zagin wata al'umma. Babban burina in ga wannan aiki cikin Hausa mai sauƙi a hannun ɗalibanmu na sakandare.

Tarihin ne kuma ya sa na gane dalilin da ya sa Maraɗi ba ta taɓa yi mana kama da baƙuwar ƙasa ba. Lokacin da masu jihadi suka ci Birnin Katsina a 1807, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki, zuriyar tsofaffin sarakuna suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi. Shi ya sa har yau sarkin can Sarkin Katsina ake ce masa. Ƙasar nan tamu tana tsakanin biranen biyu, ta ga yaƙe-yaƙensu, ta kuma ga fataucinsu da auratayyarsu. Layin da muke kira boda daga baya ya zo. Ingila da Faransa ne suka yi ta ja-in-ja a kan takarda a 1898 da 1904 da 1906, sannan jami'ansu biyu, O'Shee da Tilho, suka bi ƙasa tsakanin 1906 da 1908 suna kafa alamomi.

Wani Ba'amurke mai suna William Miles ya rubuta littafi a 1994 kan yadda aka raba ƙasar Hausa biyu. Ya zauna a ƙauyuka biyu maƙwabta, 'Yardaje a ƙasar Daura da Yekuwa a cikin Nijar, ya gwada rayuwarsu. Ya nuna yadda Ingilishi suka yi mulki ta hannun sarakuna suka bar musu ƙarfi, Faransawa kuwa suka rage musu iko suka matsa wa talakawa da aikin tilas, da yadda wannan bambanci ya bi makaranta da kotu da kuɗi har bayan samun 'yancin kai a 1960. Da nake karantawa sai na riƙa ganin dangina na Ɗan Isa. Harshenmu ɗaya, alƙiblarmu ɗaya, tuwonmu ɗaya, amma ɗansu yana ƙirga da sefa yana karatu da Faransanci, nawa yana ƙirga da naira yana karatu da Turanci. Littafin bai ce iyakar ƙarya ce ba, ya nuna ta yi aiki a kanmu ƙwarai. Na yaba masa da wannan gaskiya, ko da yake na so a ce ɗan ƙasa ne ya riga shi rubutawa.

Daga can Nijar ɗin kuma akwai Sarauniya na Abdullahi Mamani, wanda ya fito da Faransanci a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986. Labarin Sarauniya Mangu ce ta Lugu, a ƙasar Arewa wajen Dogon Dutsi, wadda ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ta ƙona Birnin Ƙonni ta kashe jama'a ba adadi. Mamani ya cike giɓin tarihi da tunaninsa, ya ɗaga Sarauniya sama ƙwarai. Wanda ke neman ainihin abin da ya faru rana bayan rana sai ya haɗa da littattafan tarihi. Amma shi ya fitar da sunan matar nan daga ƙauye ɗaya ya kai shi duniya, kuma wannan aiki ne da ƙagaggen labari ya fi kowa iyawa.

To, mu dawo zamaninmu. Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya ta shirya gasar rubutu, kuma biyu daga cikin littattafan da suka fito daga gasar a 1982 na 'yan Katsina ne da suka taɓa rayuwarmu kai tsaye. Na farko Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, labarin Alhaji Gabatari, attajirin da dukiyarsa ta tsaya kan fasa-ƙwauri da sayen mutuncin ma'aikata. Ba na jin akwai mutumin ƙasar Jibiya da zai karanta shi bai gyaɗa kai ba.

An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, sai Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. A wannan rufewa ta biyu, manyan motoci sun yi layi a bakin hanya makonni. Akwai wani dattijon direba da ya shimfiɗa buzunsa a ƙarƙashin motarsa, ga butar shayi a kan kurfoti, ga tufafinsa ya shanya a jikin madubi. Mukan gaisa in na wuce, har na ba shi aron Turmin Danya don ya rage zaman jira. Da ya dawo mini da shi, ya sa tsinken ashana a shafin da ya fi so. Ya ce, "Malam, wannan Alhajin na san irinsa. Amma ba za ka taɓa ganinsa a kan hanyar nan ba. Mu ake gani, mu ake tarewa, mu ke kwana a ƙarƙashin mota." Na ce, "Baba, to littafin ya yi ƙarya ke nan?" Ya ce, "Bai yi ba. Ya faɗi na sama. Saura na ƙasa."

Maganar dattijon nan ta zauna mini. Sulaiman Ibrahim ya yi jarumtar nuna babban mai laifi tun shekaru arba'in da suka wuce. Wanda nake jira a rubuta labarinsa yanzu shi ne yaron da ya gama sakandare bai sami aiki ba, ya hau babur da buhun shinkafa biyu ya bi ta daji da dare, ransa a hannunsa. Ba ina wanke shi ba ne, doka doka ce. Ina so ne a nuna mana abin da ya kai shi, da abin da uwarsa ke ji har ya dawo.

Littafi na biyu daga gasar shi ne Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Labarin Mailoma ne, wanda ya je yaƙin basasa, ya dawo da sanin makami da bushewar zuciya, ya tara 'yan ta'adda ya zama abin tsoro. Lokacin da littafin ya fito, da yawa sun ɗauke shi tamkar fim, abin da ba zai faru a ƙasar Hausa ba. Yau, bayan abin da muka gani a dazuzzukanmu, bayan sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, ina karanta shi a matsayin gargaɗin da aka yi mana da wuri. Ina da ƙorafi ɗaya a kansa: a wasu wurare zubar da jinin ya yi yawa, har ina tsoron yaro mai ƙaramin tunani ya ga Mailoma ya burge shi. Saboda haka littafi ne da ya kamata babba ya karanta tare da matashi, su tattauna.

Ba zan rufe ba sai na yi maganar mata marubuta, don su suka riƙe karatun Hausa lokacin da ya so ya mutu. Hafsat Abdulwahid ta buɗe ƙofa da So Aljannar Duniya a 1980. Bayanta aka sami ambaliyar littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa. An zage su, an ce suna ɓata tarbiyya, a 2007 har ƙona wasu aka yi a Kano. Amma ni shaida ne cewa mata da yawa a unguwanninmu ta dalilinsu suka riƙe karatun boko bayan aure, ana ba da haya ana karɓa, littafi ɗaya ya zaga gida goma.

A cikinsu wadda ta fi taɓa ni ita ce Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. A Wa Zai Auri Jahila? an cire Abu daga makaranta, aka aurar da ita ga tsoho, ta sha wuya, sannan ta koma neman ilimi har ta tsaya da ƙafarta. A Alhaki Kuykuyo Ne kuma Alhaji Abdu ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta saboda amarya, Rabi ta kama sana'ar abinci ta riƙe gidanta. An fassara wannan zuwa Turanci, aka buga a Indiya a 2012. Ni namiji ne, kuma karanta waɗannan littattafai bai yi mini daɗi ba, don na ga fuskokin maza da na sani a ciki. Amma rashin daɗin nan alheri ne. Marubuciyar ita kanta an cire ta daga makaranta tana ƙarama, don haka abin da ta sani take faɗa. Duk uban da ke tunanin cire 'yarsa daga aji, ina roƙonsa ya fara karanta labarin Abu.

Inda nake da ƙorafi shi ne, da yawa daga cikin littattafan soyayya, musamman waɗanda ake turawa ta WhatsApp yanzu, duk a gidan bene ake zaune, ana tafiya Dubai da Landan, kowa ɗan attajiri ne. Ba laifi ba ne mutum ya huta da mafarki. Amma yarinyar Daddara da ke karantawa ba ta ganin kanta a ciki, sai ta fara ganin rayuwarta ba ta isa a rubuta ba. Ga kuma gaggawa da rashin kula da ƙa'idar rubutu. Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa shi ne gasa irin Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016, kuma 'yar Katsina ce, Aisha Sabitu, ta fara lashe ta da labarin Sansani, a kan 'yan gudun hijira. Wannan ya nuna ana iya ɗaukar ciwon da muke ciki a mayar da shi adabi mai daraja.

Saboda haka ga roƙona, jama'a. Iyaye, a cikin mako a ware dare ɗaya a karanta littafi da ƙarfi a tsakar gida, tsoho da yaro su ji tare, don wanda bai iya karatu ba sau da yawa ya fi mai karatun fahimtar labarin. Malaman makaranta, idan kun ba ɗalibi ƙagaggen labari ku haɗa masa da na tarihi, ya ji ciwon ya kuma san sanadinsa. Masu hannu da shuni na ƙasar Jibiya, kabad ɗaya na littattafan Hausa a kowace makaranta bai kai kuɗin walimar biki ɗaya ba.

Ku kuma matasanmu masu rubutu a waya, ku dubi abin da ke gabanku. Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kuma ta Jibiya zai bi. Ƙasar nan za ta sake sauyawa. Tsofaffin da suka yi fatauci da jakai zuwa Maraɗi suna ƙarewa. Matan da suka baro ƙauyukansu da tsakar dare suna nan cikinmu da labari a bakinsu. Da Mary Smith ba ta zauna da Baba ba, da muryar tsohuwar nan ta bi ta kabari a 1951. Kada mu jira baƙo ya zo ya yi mana wannan aiki. Ka ɗauki biro da littafin rubutu, ka je wurin kakarka ka gaishe ta, ka nemi izininta, ka rubuta abin da ta faɗa yadda ta faɗe shi, da shekara da sunan gari. Wanda Allah ya ba baiwar ƙaga labari ya gina a kai, wanda ya ba haƙurin bincike ya tantance. Ta haka jikokinmu za su san abin da ya same mu daga bakinmu.

A nan zan dakata. Allah ya jiƙan marubutanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa na raye basira. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya mayar da kowa gidansa da gonarsa lafiya.